Waɗanda suka dawo daga Laberiya suna nan da ransu

Duk wanda ya kama hanyar Rukuba daga Gada Biyu a Jos ya miƙe, barikin soja zai tarar a gabansa, hedikwatar Runduna ta 3. Sunan barikin Maxwell Khobe. Na sha tambayar samarin unguwarmu, har da masu Keke Napep da ke sauke fasinja a ƙofar barikin sau goma a yini, ko sun san mai sunan. Ɗaiɗaiku ne ke amsawa. Khobe ɗan Adamawa ne. Yana Kanar ya ja sojojin Najeriya suka kori gwamnatin soja ta Johnny Paul Koroma daga Firitawun, babban birnin Saliyo, a Fabrairun 1998, aka mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan kujerarsa. Saliyo ta amince da shi har ta naɗa shi babban hafsan tsaronta, alhali shi ɗan wata ƙasa ne. Ya rasu a Afrilun 2000 yana Birgediya Janar, kuma ya cancanci a rubuta sunansa a ƙofar bariki.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin waɗanda suka bi bayansa da bindiga a kafaɗa. Kafin Saliyo ya yi Laberiya. Ya ajiye kaki da igiya uku, shi ya sa duk layinmu Baba Saje ake kiransa. Yau gadin dare yake yi a wani shagon siminti, a cikin sanyin Jos ɗin nan da ke shiga ƙashi, da tsohuwar rigar sanyi da hular sanyi da tocila. A cinyarsa ta hagu akwai ɓarɓashin ƙarfe da likitoci suka ce barinsa ya fi cire shi, kuma da zarar hunturu ya kama sai ƙafar ta riƙe, ya dinga jan ta. Saboda shi na ɗauki alƙalami, domin duk lokacin da na ji ana maganar tura sojojinmu wata ƙasa a rediyo, fuskarsa nake gani.

Abin da nake so in faɗa ba shi da wuyar fahimta. Kuɗin yaƙi ba ya ƙarewa ranar da aka tsagaita wuta. Yana bin sojan har gida, yana binsa asibiti, yana bin matarsa bayan ransa. Ƙasar da ba ta gama biyan bashin Laberiya da Saliyo ba, bai kamata ta buɗe sabon littafi a wata ƙasa ba sai ta zauna ta yi lissafi har ƙarshe. Kuma a ganina, yadda ake riƙe tsohon soja wani ɓangare ne na shirin yaƙi, daidai da sayen tanka da igwa, domin kurtun da ke fareti a difo na Zariya yana da ido, yana ganin yadda mai gadin shagon siminti ya ƙare.

Tura 'ya'yan Arewa yaƙi a ƙetare ya girmi Najeriya mai 'yancin kanta. Kakanninmu sun je ƙasar Bama (Burma) a yaƙin Hitila, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma da Hausa ake ba su umarni. Sunayen wuraren da suka yi gumurzu suna nan a barikokinmu har gobe: Dodan da Arakan a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya. Da samun 'yanci aka tafi Kwango a 1960, inda Aguiyi-Ironsi ya kai ga jagorantar dukkan rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a 1964. Kalmar 'yan mazan jiya da muke faɗa, kalmar girmamawa ce. A da idan ɗan Bama ya zo wuri, tashi ake yi a ba shi tabarma.

Laberiya ta zo da wani salo daban. A Agustan 1990, zamanin Janar Babangida, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOMOG, ta sauka a Monrobiya, babban birnin Laberiya, da sunan raba faɗa. Ba a yi wata guda ba, 'yan tawayen Prince Johnson suka kama Shugaba Samuel Doe a harabar hedikwatar rundunar kanta, suka tafi da shi suka kashe. Daga nan aka karɓe jagoranci daga hannun kwamandan Gana aka ba ɗan Filato, Janar Joshua Dogonyaro, kuma raba faɗa ya koma yaƙi sosai. A Oktoban 1992 madugun 'yan tawaye Charles Taylor ya yi wa Monrobiya dirar mikiya, sojojinmu ne suka tare shi. Wani ɗan Filaton, John Shagaya, shi ma ya riƙe rundunar a 1993. Sai 1997 aka yi zaɓe, Taylor ɗin da aka yi ta yaƙa ya ci. Ba a gama sauke kaya ba Saliyo ta kama, har aka kai ga 6 ga Janairun 1999, ranar da 'yan tawaye suka shiga Firitawun suna sare hannayen mutane. Aikin da aka ɗauka na 'yan watanni ne ya cinye shekara goma.

Kawu ba mai yawan magana ba ne a kan wannan. Sai abokinsa ya zo, wani tsohon kofur ɗan Langtang da suka yi bataliya ɗaya, wanda kan biyo ta gidanmu ranar Lahadi in ya taso daga coci. Su zauna a kan benci, ɗaya na jan carbi ɗaya na riƙe da littafin waƙoƙi, sai ka ji hira ta ɓarke.

"Mutumina, ka tuna da aka ce wata shida za mu yi?"

"Wata shida ina, Oga Saje? Ni da na tafi na bar ciki, na dawo yaro na gudu yana ɓuya a bayan uwarsa, wai baƙo ya zo."

Su yi dariya, amma dariyar ba ta daɗewa. A wancan zamanin babu wayar hannu. Inna, matar Kawu, ta ce labarin mijinta a bakin waɗanda aka dawo da su da rauni take jinsa, ko a takardar da ta yi wata biyu a hanya. Idan aka ji jirgi ya sauka da dare, matan bariki ba sa barci, kowace tana jiran ta ga ƙofar wa za a ƙwanƙwasa da safe. Ta sayar da ƙosai, ta sayar da kunu a kasuwar mami, ta riƙe yara huɗu. Babu wanda ya taɓa lissafa shekarunta a cikin kuɗin yaƙin.

Kuɗin da aka lissafa, wanda shugabanninmu suka sha ambata, ya kai kimanin dala biliyan 8 a Laberiya da Saliyo. Ba na cikin masu cewa asara ce zalla. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, kuma wani lokacin sai ka je ka kashe nasa kafin naka ya tsira. Saliyo ta ayyana ƙarshen yaƙinta a Janairun 2002, Laberiya ta samu lafiya bayan sojojinmu sun sake sauka a Agustan 2003 aka kwaso Taylor zuwa Kalaba. Yau ƙasashen biyu zaɓe suke yi, gwamnati na sauka wata na hawa. Jinin 'ya'yanmu yana cikin wannan zaman lafiya, kuma ina alfahari da hakan. Abin da ke ci mini rai shi ne an ci moriyar ganga an yada kwaurenta.

A tuna da Akure. A Yulin 2008 wasu sojoji da suka dawo daga aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya suka tare hanya a garin, saboda alawus ɗinsu na dala ya maƙale. Na san soja ba ya zanga-zanga, kuma na san dalili: rundunar da kowa ke fita titi da bindiga a kusa da shi ba runduna ba ce. To amma dubi yadda aka raba hukunci. A 2009 kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai, kafin daga baya a rage zuwa shekara bakwai. Hafsoshin da aka samu da hannu a taɓa kuɗin kuwa, rage musu girma aka yi. Kowane farabiti a ƙasar nan ya ji wannan labari, kuma ya ɗauki darasinsa.

Shekara shida bayan Akure muka ga abin da irin wannan darasi ke haifarwa. A Mayun 2014 sojoji suka buɗe wa motar kwamandansu wuta a barikin Maimalari da ke Maiduguri, bayan sun ga gawarwakin abokansu da aka yi wa kwanton ɓauna. A Agusta matan sojoji suka tare ƙofar barikin Giwa suna cewa ba za a kai mazajensu Gwoza ba sai da makamai na kirki. A watan nan ne ɗaruruwan sojojinmu suka tsallaka Kamaru. Gwoza ta faɗi hannun Boko Haram, Bama ta Borno ta faɗi, Mubi ta faɗi. An yanke wa 12 hukuncin kisa, sannan 54, kafin a sassauta zuwa shekara goma a ƙarshen 2015. Sai ga zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai ya fito fili. A farkon 2015 sojojin Chadi ne suka shigo suka ƙwato Gamboru da Dikwa, su da na Nijar suka ƙwato Damasak, a lokacin ne kuma aka ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. Rundunar da ta ceci Monrobiya da Firitawun ke nan. Ranar da aka karanta labarin Mubi a rediyo, Kawu tashi ya yi ya kashe rediyon, ya shiga ɗaki, bai ci tuwon dare ba.

Jarumtaka ba ita ta yi ƙaranci ba. Wanda ya san labarin Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, da ya faɗi a Malam Fatori a Nuwamban 2016, ya san akwai maza. Abin da ya yi ƙaranci shi ne shiri, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin yaƙi ya wuce sayen jirgi. An sayo Super Tucano 12 daga Amurka sun iso a 2021, sun kuma yi amfani. Amma akwai takalmi, akwai ruwan sha, akwai kayan gyaran mota, akwai motar asibiti da za ta ɗauke mai rauni kafin jini ya ƙare masa. Masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tun 1964 aka kafa ta, ta haura shekara sittin, duk da haka manyan kayan yaƙinmu daga waje muke jiran su, da dala, da sharaɗin mai sayarwa.

Sama da duka akwai hutu da canji. Bataliya kamar gona ce, in aka yi ta noma ba a barin ta ta huta, amfaninta raguwa yake yi. Soja na bukatar ya dawo daga bakin daga, ya ga iyalinsa, a duba lafiyarsa, ya koma atisaye, sannan a sake tura shi. Hakan ba ya yiwuwa sai akwai wanda zai canje shi. To wa zai canje shi? Mu a Jos mun fi kowa sanin amsa. Tun 2010 rundunar musamman ke zaune a garin nan da ƙauyukansa, yaran da aka haifa a shekarar sun zama samari ba su taɓa sanin hanyar Barikin Ladi ko Riyom ba tare da buhunan yashi da shingen soja ba. Haka Zamfara, haka Katsina, haka Neja, haka Binuwai, haka kudu maso gabas, haka yankin mai. Kusan babu jihar da soja ba ya aikin da a ƙa'ida na ɗan sanda ne. Mun ma taɓa gwadawa mun gani: a Janairun 2013 aka tura sojoji Mali, zuwa tsakiyar shekarar aka fara dawo da su saboda gida ya kama da wuta. Wanda ya daka ta wani ya rasa turmin daka tasa.

Mai ƙarfi ma wannan ciwo ya kama shi. Amurka ta shiga Afganistan a 2001, ta ƙara da Iraƙi a 2003, tana ganin aljihunta ba shi da ƙasa. A Disamban 2004, a Kuwaiti, wani ƙaramin soja ya tashi a gaban sakataren tsaro Donald Rumsfeld ya tambaye shi me ya sa suke tonon juji suna neman tsofaffin ƙarafa don su liƙa wa motocinsu sulke. Zuwa 2007 sojoji sun yi ƙaranci har aka tsawaita zaman kowace tawaga daga wata 12 zuwa 15, wasu kuma wa'adin aikinsu ya cika aka hana su sallama. A shekarar ne jarida ta bankaɗo yadda masu rauni ke kwana a ɗakuna masu ruma da ɓeraye a wani gini na asibitin soja na Walter Reed. Abin da nake so mu ɗauka a nan shi ne abin da ya biyo baya: cikin makonni sakataren rundunar sojan ƙasa ya rasa kujerarsa. Sun bar Afganistan a 2021, amma a 2022 suka sake kafa doka don jinyar waɗanda hayaƙin ramukan ƙona shara ya lalata wa huhu a sansanoninsu. Yaƙin basasar Amurka a 1865 ya ƙare, amma sai a 2020 mace ta ƙarshe da ke karɓar fanshon mahaifinta na wannan yaƙi ta rasu. Shekara 155 ana biya. Tsawon igiyar ke nan, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu kuma fa? Na raka Kawu tantancewa wata shekara, lokacin da fanshonsa ya tsaya. Mun isa tun kafin rana ta fito, mun tarar da layi. Tsofaffi ne, kowa da leda a hammata, cikin ledar akwai fayil da ya yi laushi don sarrafawa, da littafin sallama, da hoto mai kaki na lokacin da gashi ke baƙi. Wani a keken guragu jikansa ya turo shi. Wani makaho ne, yana riƙe da kafaɗar na gabansa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda suka tsara kansu ba tare da kowa ya ce musu komai ba, wani tsohon samanja ya yagi takarda ya rubuta lamba yana rabawa, ana kiran lamba ana amsawa da ƙarfi kamar a filin fareti. Wajen azahar aka ce na'ura ta ɗauke, a dawo gobe. Da goben ta yi aka kai kanmu, sai matsala ta fito: magatakardan da ya ɗauki Kawu aiki shekaru aru-aru da suka wuce ya rubuta sunan mahaifinsa da harafi ɗaya daban da wanda ke banki. Yaron da ke kan kwamfutar bai kai shekarun ɗan Kawu na fari ba. Ya ce, "Baba, sai ka kawo takardar rantsuwa daga kotu." Kawu ya ƙame ya ce, "To, ranka ya daɗe." Wata biyar aka yi kafin kuɗin ya dawo. A cikin watannin nan ne ya karɓi aikin gadin.

Ba shi kaɗai ba ne. Mutanen Abuja sun sha ganin tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi sun kafa rumfa a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi, a Janairun 2022, a Disamban 2024, da wasu lokutan bayan haka, suna neman bashin ƙarin fansho da alawus ɗin da ake ba wanda ya ajiye kaki don kada ya yi amfani da ilimin makami a wani wuri. Wannan alawus ɗin kansa shaida ne cewa gwamnati ta san haɗarin barin mutumin da ya iya bindiga cikin yunwa. Sau da yawa sai an yi zaman dirshan ake sakin wani kaso. Wannan ya koya wa kowa cewa haƙƙi ba ya fitowa sai an kwana a titi. Kwanaki kaɗan bayan irin wannan zama sai 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ta zo, a saki fararen tattabaru, a ajiye furanni, a maƙala alamar tunawa a ƙirji. Ba na raina bikin, ya kamata a yi shi. Amma mamaci addu'a yake so, mai rai kuwa magani da abinci.

Akwai kuma raunin da ba a gani. Duk Disamba, da yaran unguwa suka fara fasa nokawut, Inna kan rufe tagogi ta ƙure rediyo. Wata shekara, tsakar dare, aka fasa wani babba a bayan katanga. Muka tarar da Kawu kwance a ƙasa a bayan randa, ya danne ƙaramin jikansa da ƙirji, yana kiran sunan wani mutum da ba mu sani ba, yana cewa ya sunkuya. Da ya dawo hayyacinsa ya ga mun kewaye shi, kunya ta kama shi har ya kasa ɗaga kai. Ya ce mini, "Ɗana, kada ka gaya wa kowa." Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, ya yi shiru, sannan ya ce in rubuta, wataƙila wani ya ji ya san ba shi kaɗai ba ne. Mu a nan mukan ce aljanu ne, ko mu ce bariki ta lalata shi, in ya faɗa shaye-shaye mu ce hali ne. Ciwo ne, likitoci sun san shi, yana kuma da magani. Yaran da suka yi shekaru a dajin Sambisa da bakin Tafkin Chadi, waɗanda suka tsira daga harin sansanin Metele a 2018, da irin wannan kayan suke dawowa. Asibitin soja na 44 da ke Kaduna yana ƙoƙari da masu raunin jiki, har Yarima Harry na Ingila ya ziyarce su a Mayun 2024. Amma mutumin da ya koma ƙauyensu a Kanam ko Wase, wa zai je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya tambaye shi yadda yake barci?

Matar mamaci kuma nata daban ne. Ɗakin bariki na gwamnati ne, in mai shi ya rasu dole wata rana a tashi. Daga nan sai zirga-zirgar takardu, wani lokacin ta tarar sunan magajin da mijin ya rubuta tun yana saurayi na ɗan'uwansa ne, bai canza ba. Da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta a Maris 2024, shugaban ƙasa ya je jana'izar da kansa, ya yi alkawarin gida ga kowane iyali da karatun yara. Daidai ne, ya yi kyau. Ina so wannan ya zama doka da ke aiki da kanta, ta shafi farabitin da nakiya ta tashi da shi a hanyar Damboa babu kyamara, kamar yadda ta shafi wanda ƙasa duka ta ga jana'izarsa.

Da wannan duka a raina na saurari maganar Nijar a 2023. An kifar da Bazoum a 26 ga Yuli, ECOWAS ta ba da wa'adin kwana bakwai, aka fara maganar rundunar ko-ta-kwana. Ba na goyon bayan juyin mulki ko kaɗan. Amma iyakarmu da Nijar ta kai kilomita 1,500, jihohi bakwai ne a bakinta, daga Kebbi har Borno, kuma mutumin Maraɗi da na Katsina uwa ɗaya uba ɗaya ne. Majalisar Dattawa ta ƙi bin hanyar yaƙi, malamai da sarakuna suka shiga tsakani, Allah ya kiyaye. A nan ne na ga amfanin sashe na 5 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ce ba a tura soja yaƙi wajen ƙasa sai da yardar Majalisar Dattawa, in kuma gaggawa ta sa shugaba ya tura, to ya nemi yardarta cikin kwana bakwai. Lokacin Laberiya babu wannan birki, soja ke mulki, mutum ɗaya ke yanke shawara.

Birkin ba zai yi amfani ba idan sanatoci suka mayar da shi tambarin da ake bugawa a ƙofa rufe. Wata rana za a sake kawo irin wannan buƙata, domin yankinmu bai zauna ba, kuma wata ma za ta iya zama mai hujja. Ranar nan ina so sanatan da ke wakiltata ya tashi ya yi tambayoyin da Inna za ta yi da an ba ta dama. Wata nawa za su yi, kuma wace bataliya ce za ta canje su, daga wace jiha za a cire ta, wa zai tsare wurin da ta bari? Alawus ɗin zai shiga asusun sojan kai tsaye ne, ko sai ya bi ta hannu bakwai? Sannan a ware kuɗin jinya da na marayu a cikin kasafin tafiyar tun kafin jirgi ya tashi, a ajiye shi inda ba a taɓawa. In lissafin ya fi ƙarfin aljihu, to tafiyar ma ta fi ƙarfinsa. Kuma a yi alkawarin faɗar sunan duk wanda ya faɗi, da garinsu, a bainar jama'a.

Bara autan Kawu ya zo da takardar neman shiga soja. Ya gama sakandare shekara uku babu aiki, yana bin wani mai walda. Inna ta yi kuka. Na zaci Kawu zai hana, domin na sha jinsa yana cewa ɗansa ba zai sa kaki ba. Ya karɓi takardar, ya sa tabarau, ya bi ta layi layi da yatsa. Ya tsaya a wurin suna ya ce a ɗauko katin ɗan ƙasa da takardar banki, ya gwada harafi da harafi. Ya tsaya a wurin magaji ya ce, "Rubuta sunan uwarka. Ranar da ka yi aure, kafin a kai lefe ka je ka canza." Ya sa aka yi hoton kowace takarda kashi uku, ɗaya a akwatin Inna, ɗaya a wurina. Sannan ya dafa kan yaron ya yi masa addu'a doguwa, muryarsa na rawa.

Bayan yaron ya tafi Zariya, wata Lahadi Kawu ya fito da wani ƙaramin littafi mai baƙin bango da ban taɓa gani ba. Sunaye goma sha ɗaya ne a ciki, 'yan sashensa da aka bari a Monrobiya da Firitawun, Musulmi da Kirista, kowanne da lambarsa. Biron ya fara dushewa. Ya ce in buga masa su a kwamfuta da manyan baƙaƙe, in fitar da kofi biyu, ɗaya nasa ɗaya na Baba Kofur. Yana karantawa ina bugawa. Da muka kai na bakwai ya ce in dakata, ya juya wajen abokinsa.

"Wannan yaron, mai busa sarewa da dare, Pankshin ne garinsu ko Mangu?"

Baba Kofur ya rufe ido, ya daɗe. Sannan ya ce, "Mangu. Uwarsa tana sayar da dankali a bakin kasuwar Juma'a. Ni na kai mata jakarsa."